Mai Gadi Marar Kai

Kwamfutar Baba ta shekara tara a saman kabad
a gidanmu na Plovdiv,
kusa da kwalaben tumatir da Mama ta manta da su.
Tsvetan ya ce a kai ta bola.
Na ce a'a. Ya nemi dalili,
ni kuwa a lokacin ba ni da shi.

Ran Asabar na sauko da ita, ana yayyafi.
Ƙusoshi huɗu na kwance, ɗaya ta gangara ƙarƙashin murhu,
tana can har yau.
Ƙurar ciki ta yi kauri kamar bargo.
Kafin in goge faifan sai da na kwashe abin da ke kai:
lissafin kuɗin wuta wata bayan wata,
hotunan inabin bayan gida,
da wasiƙa zuwa ofishin fansho
wadda ta tsaya cak a tsakiyar jimla.

Wurin Velichka mai gyaran waya
na sayo katin sadarwa na biyu, leva goma sha biyu.
Yanzu baki biyu gare ta.
Na manna takarda a kan kowanne,
wannan waje, wannan ciki.
Sannan na raba ta da allo, na raba ta da madannai,
na tura ta ƙarƙashin matakala, gefen mitar lantarki.
Marar kai, haka masu sana'ar ke kiran irinta.

Baba Dobrin ya yi shekara talatin da ɗaya a kwastan,
a kan iyakar Turkiyya, cikin sanyin da ke tsaga leɓe.
Ko a teburin cin abinci yakan ce,
a fara da hana kowa,
daga baya a buɗe wa wanda aka san fuskarsa.
Da na zo rubuta dokar farko
sai na tarar ita ce, ba ƙari ba ragi.

Da dare nakan leƙa rajistarta daga ɗakina.
Ƙarfe uku, wasu na ƙwanƙwasa ƙofa ta ashirin da biyu,
suna gwada sunayen da babu mai su a gidan nan.
Sau dubu huɗu da ɗari da sha biyu kafin asuba.
Ba ta ce musu tafi ba, ba ta ce waye ba.
Shiru kawai.
Fankarta na gurnani a hankali,
kyanwa na barci a kan murfin saboda ɗumi.

A mako na uku na yi wauta.
Layi ɗaya na ɗora sama da inda ya kamata,
na danna, sai ga ni a waje.
Na ƙwanƙwasa, na sake.
Ni ma shiru aka yi mini.
Tsvetan ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ce jinin kwastan ne, bai san 'ya ba.

Dole na kinkimo tsohon allon daga soro,
na durƙusa a kan siminti, fitila a baki,
na mayar mata da kai, na kashe, na kunna.
Ashe batirin agogonta ya daɗe da mutuwa.
Haske ya kawo, ta ce yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da huɗu.

A wannan shekarar Baba yana nan.
Takalmansa jiƙe a bakin ƙofa,
yana faɗa a kan wa ya bar fitilar banɗaki a kunne.

Na gyara layin, ta bar ni na shiga.
Batirin bai fi kwabo girma ba,
Velichka na da shi cike da akwati.
Sai Litinin na je.