Masana Sha Bakwai

Ruwa ya tsare mu a rumfar Barau,
mai gyaran waya a bakin Dilimi,
ƙarfe biyu da rabi, sa'ar da kasuwar ƙetare ke buɗe ido.
Kwanon rufi na ta kiɗa a kanmu,
mu huɗu, benci ɗaya, waya uku,
ta huɗun na jikin caji.

Malam Jatau ne ya fara,
shi da ya kwashi kuɗin sallamarsa,
shekara talatin da biyar na alli da allo,
ya zuba a kamfanin kwamfutar da bai taɓa ganin ƙofarsa ba.
Ya ce, "Masana sha bakwai sun ce a saya.
Sha bakwai!
Dala ɗari da tamanin kafin baɗi war haka.
Ko ganin wata ba a neman shaidu haka."

Davou ya kaɗe ruwa daga hularsa.
Shi dankali yake kaiwa Farin Gada,
ya san zaƙin bakin dillali.
Ya ce, "Duk wanda ya ce ma buhu zai hau gobe,
leƙa bayansa, sitonsa a cike yake.
Bara su ɗin nan suka ce ɗari biyu.
Da ta rikito, suka goge,
suka rubuta ɗari da ashirin,
ko tari ba su yi ba."

"Lissafi ne, ba duba ba," in ji Jatau.
"To ina lissafin ya kwana a watan Maris?"
Jatau ya gyara gilashi, ya matsa lambobin da yatsa
kamar mai korar ƙuda daga bakin ƙwarya.

Barau bai ɗago ba.
Hayaƙin dalma na tashi siriri daga kan teburinsa.
Can ya ce, "Ni ban iya karatun masana ba.
Gawa nake ƙirgawa.
Wata shida ba a kawo min kwamfutarsu ko ɗaya ba,
shi ya sa na sayi hannun jari biyu."
Davou ya ce, "Abin da ba ya lalacewa,
wa zai koma ya sayi sabo?"
Barau ya tsaya da ƙarfen a hannu,
har ɗigon dalma ya faɗi inda bai nufa ba.

Ni kuwa ƙanshin nan ya tafi da ni Bukuru.
Kakana Mairiga ya ɗauki kwanon kuza a ka
har gashin tsakiyar kansa ya ƙare.
Kullum Asabar magatakarda kan ce farashi zai hau,
wai an rubuto daga can.
Wani sa'in ya hau ɗin.
Yau ramin ya zama tafki, kore, shiru,
ana hana yara zuwa bakinsa.
Ga kuzar nan a bakin ƙarfen Barau, tana narkewa,
ga ni, jikansa, da kuɗin adashena
a cikin wani kwano da ba na gani,
ina jiran a rubuto daga can.

"Ta yi ja!" in ji Davou.
"Jira," in ji Jatau.
Muka haɗa kai huɗu a kan allo ɗaya, ba mai numfashi.
Ta sauka kashi biyu, ta hau ɗaya da rabi,
ta tsaya tana rawa kamar akuya a kan dutsen Shere.
Sai aka ɗauke wuta.

Ruwa ya tsagaita.
Ban saya ba, ban sayar ba.
Jatau ya laluba aljihu, na dama, na hagu,
ya ce ko akwai mai canjin ɗari biyu na keke.
Davou ya miƙa masa, bai dube shi ba,
ya ce, "Ka biya ni baɗi war haka."