Reshe Ba Ya Ƙarya

A bakin tsohon ramin kuza a Rayfield,
inda ruwa ya cika abin da aka haƙa aka bari,
nan Baba Ilu ya yi shekara talatin da ɗaya a tsugune.
Ni ce mai miƙa masa leda.

Da asuba, sanyin Jos na cizon yatsu,
sai ya zaro reza daga naɗin hularsa,
ya zaɓi reshen fure mai kaurin fensir,
ya yanka a karkace, ƙasan gaɓa kaɗan,
ya tsige ganye ya bar biyu,
ya dangwala gindin a zuma,
ya soka a yashi mai laima,
ya kifa masa rabin gorar roba.
"Kada ki ja don ki ga saiwa, Talatu.
Mai yawan buɗe tukunya shi ke cin ɗanye."

Mako uku gorar na gumi,
ni ina ƙaiƙayin hannu.
Rannan sai ga toho, ja kamar kunnen jariri.

"Reshe ba ya ƙarya," in ji shi.
"Ja kika yanko, ja za ki gani.
Uwar ce da kanta ta sake zama a wata leda.
Amma iri ɗan caca ne."

Gwanda yake nufi.
Ka shuka, ka yi ban ruwa wata biyar,
ba ka san wa kake ciyarwa ba
sai ranar da fure ya fito ya faɗi sunansa.

Davou mai kabeji ya ce baƙin iri shi ne mace.
Maman Kachollom ta ce a zuba a kwano,
wanda ya nutse a shuka, mai iyo a ba kaji.
Wani direban tifa ya ce ƙusa ake bugawa a gindi.
Goggo Dije ta ce a ɗaura wa namijin zane,
kunya kaɗai za ta sa ya haihu.
Baba ya gwada duka.
Na ga gwanda sanye da tsohuwar atamfar Inna,
tsaye kamar mai jiran mota a Farin Gada,
furanni dogaye na reto,
ɗa ko ɗaya babu.

Mu shida ya haifa, duk mata.
Ranar sunan autarmu, a ƙofar masallaci,
aka riƙe hannunsa aka ce, "Allah ya kawo magaji."
Ya amsa da amin.
Ya dawo ya ɗauki adda ya shiga layin gwanda,
ya sare maza takwas ya bar guda
don iska da ƙudan zuma.
Ya share gumi ya dube ni:
"A lambun nan dai, kin ga wanda ake jira."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya rasu da damina, ana tsakar yayyafin Agusta.
Yayyena sun watse, Bukuru, Toro, Kubwa.
Rezar tana wurina, na canja ta sau nawa,
amma a naɗin ɗankwali nake ajiye ta.

Jan furen nan, uwarsa ta bushe tun ina firamare.
Duk da haka ga ta a leda ɗari biyu,
ba ta san ta mutu ba.

Jiya wani mai babbar mota ya tsaya,
yana son dashen gwanda hamsin, duk mata.
Na ce, "Alhaji, fure zan iya rantse maka.
Gwanda kuwa, uku-uku nake zubawa a rami,
in jira kamar kowa."
Ya ja tsaki ya tafi.

Yau da asuba na tsuguna gaban wata gora,
kwana goma sha tara, shiru.
Yatsuna har sun kama reshen.
Na sake shi.
Na je na ɗebo ruwa.