Teburi Ɗaya

Teburi ɗaya ne a gidanmu na Tumfure.
Ran da dokar kulle ta sa kwaɗo a ƙofar jami'a
ni da Bappah muka dawo da kaya iri ɗaya:
jakar takardu, kwamfuta, digiri uku-uku.
Ba wanda ya ce teburin nasa ne.
Shi dai ya riga ni zama.

Ofishina ya koma bakin murhu,
waya jingine da gwangwanin gishiri,
ina yi wa ɗalibai ɗari biyu da goma bayanin
yadda sinadari ke narkewa cikin ruwa,
albasa na ƙonewa a bayana.
Har yau suna riƙe da wannan saƙon murya,
a minti na bakwai an ji ni ina cewa,
"Tukur, sauka daga kan randar nan!"
Wai shi ne darasin da suka fi haddacewa.

Sabis ba ya shiga ɗaki sai ya ga dama.
Mazauninsa gindin tankin ruwa, kusurwar gabas,
can nake tsayuwa bayan isha'i,
sauro na karɓar nasa kason,
ina jiran layi ɗaya ya zama biyu.

"Ku yi shiru, Baba yana aiki."
Da bakina na koya musu.
Ni kuwa ko ƙofar rufewa ba ni da ita.

Ƙarfe ɗaya na dare Kaltume ta kira,
'yar aji uku, ba zancen jarrabawa ba:
shagon babanta a rufe,
kuɗin data an sayi masara da shi.
Ba ta nemi shugaban sashe ba.
Ɗalibai sun san lambar da ake bugawa in kuka ya zo.
Na saurare ta har batir ya mutu.

Inna tana Kumo da hawan jini, hanya a tare.
Tafiyar da ba ta kai awa guda ba
ta koma murya a waya:
"Lafiyata ƙalau, yi aikinki."
Na yi ta wanke hannu har fata ta tsage,
barci kuwa sai mun yi ciniki.

Can a ɗakin gwaji, bayan kwaɗo,
kwalabe arba'in na ruwan Dadin Kowa
da na ɗebo da hannuna cikin kwalekwale,
aikin wata takwas.
Firiji ya tsaya, ba mai tayar da janareta.
Da aka buɗe na tarar da su kore shar,
gansakuka ta yi nata binciken ta kammala.

Bappah ya fitar da maƙala uku.
A ta biyun ya gode mini, can ƙasan shafi,
"saboda haƙurinta."
Ba mugu ba ne.
Wata Juma'a ya yi wa yara wanka,
mun sha labarin har wata Juma'ar.

Yau ga takardar ƙarin girma a gabana,
gurbi bayan gurbi: maƙala nawa, taro nawa.
Na juya ta gaba da baya,
babu gurbin tukunya, babu na Kaltume,
babu na gindin tanki.
Malam Jauro magatakarda ya ce,
"Dakta, a bar nan fari?"
Na ce a bar shi.

Da la'asar na biya Jekadafari wurin kafinta.
Ya ce, "Na cin abinci ne?"
Na ce na rubutu ne,
a yi masa aljihu mai makulli.

Ran da aka kawo shi a bayan a-kori-kura
Bappah ya fito da biro maƙale a kunne,
ya dubi ɗakin, ya dube ni,
sannan ya kama ɗaya gefen.
Ƙofar ta ƙi shi,
sai da muka karkata shi
ya shiga.