Gwangwanin Awo

Saura kwana uku salla
muka sauke labulen bara.
Barira ta hau turmi tana kakkaɓe yanar gizo,
ni kuwa na dama farar ƙasa a tsohon bokiti.
Bangon zaure ya sha, ya sake sha,
ba mai tsayawa a bayana bana
ta ce, "Dije, kin bar tabo wajen ƙusar kalanda."

Na ga tabon. Na bar shi.

A kasuwar Muda Lawal na auni fulawa mudu huɗu.
Mai sukari ya leƙa bayana, ya ce, "Ina Hajiyar?"
Da na faɗa masa, bai ce komai ba tukuna,
sai ya ƙara mini gyara har leda ta yi ciki.

Inna ba ta taɓa rubuta awo ba.
Gwangwanin madara ne da ita, mai lotsattsen baki,
da tafin hannu, da ido,
da "ƙara kaɗan" da "kai, ya isa."
Gwangwanin yana nan.
Sauran sun tafi tare da ita.

Muka baje tabarma a tsakar gida.
Sa'adu na yanka cincin, rabi a tire rabi a baki,
Goggo Tabawa na murɗa dubulan
tana ba mu labarin da ta ba mu bara,
mu kuma muna dariya a inda muka yi bara.
Ƙullun masa na kumbura a ɗaki, an lulluɓe shi da zane
kamar jariri mai barci.

Kek ne ya rage, kuma nawa ne.
Na zuba yashi a gindin tukunya,
na jera gwangwanayen kifi da na shafe da mai,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi,
na zauna ina gadi kamar mai jiran sakamakon asibiti.
Sama ya yi ja, ya yi kyau.
Na kife ɗaya a hannuna:
ƙasan baƙi ƙirin.

Goma sha biyu, duka haka.

Na shige bayan randa na yi kukan da ban yi ba ranar uku.

Da safe gida ya cika.
'Yan Dass sun iso da rake, 'yan Darazo da yara bakwai,
takalma sun taru a ƙofar falo har ba wurin taka ƙafa.
Turaren wuta, sabon leda a ƙasa,
kwanukan tangaran da ba sa fitowa sai yau.
Masa ta tafi gida tara da miyar taushe,
kwano bai dawo wofi ba ko ɗaya.

Can da la'asar Maman Rifkatu ta shigo,
maƙwabciyarmu tun kafin a haife ni.
Ta wuce falo, ta wuce baƙi, kai tsaye madafa,
ta buɗe kwandon da na ɓoye.
Ta juya kek ɗin, ta kalli ƙasansa, sai dariya,
dariya har da share ido da gefen gyale.

"Haka nata yake yi duk shekara.
Da asuba nake miƙo mata wuƙa ta kan katanga,
ta kankare, mu ci baƙin da shayi
kafin ku tashi.
Shekara talatin, ba ku taɓa ganin ƙasan ba."

Ta zaro wuƙar daga jaka.
Ashe da ita ta zo.

Muka zauna a bakin murhu, ni da ita,
ana kiran sunana daga falo,
muna kankara, muna ci.
Da ɗaci.
Na ƙara wani.