Rariyar Bango

A Jidda, bayan kasuwar Hindawiyya,
bene na uku, ƙofar da fentinta ya ɓare,
nan Baba ya shekara talatin da huɗu.
Duk ɗan da ya tasa, sai ya ja masa waya zuwa ɗaki,
ya ƙulla da salatif, ya tura ƙarƙashin darduma.
Mu bakwai ne. Ku ƙirga ƙullin da kanku.

Ran Juma'a bayan la'asar yake kiran Gwaggo Tasalla,
ƙanwarsa da ta rage a Tasawa.
Fuskarta ta fito, ta ce "Yaya Ji..."
sai baki ya tsaya a buɗe,
'yar da'ira ta hau juyi a goshinta
kamar akuya a turke.
Baba ya ce laifin Nijar ne.
Gwaggo, can, ta ce na Saudiyya ne.
Ni kuwa sau biyu ina biyan kamfani kuɗin sauri,
saurin bai zo ba, sai rasit.

Nuraddin ɗan Mai Wurno, mai shago a ƙasan benenmu,
ya hawo da sukudireba a bayan kunne.
Bai ko kalli na'urar ba.
Ya ɗaga kan tsohuwar wayar tarho,
ya danna lamba guda, ya ce kowa ya yi shiru.
Ya miƙo mini. Na ji shuuu, ƙas-ƙas,
kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi a wani gida.
Ya ce, "Abin da ke cin fuskar Gwaggo ke nan."

Ya kwance soket na bakin ƙofa.
Jan ƙarfe ya koma kore shar,
gishirin Bahar Maliya ya biyo iskar dare
ya yi shekaru yana lasa.
Ya datse ruɓaɓɓen, ya feƙe sabon baki,
zare biyu kawai ya mayar.
Na ukun, na ƙararrawa, ya zare shi gefe:
"Wannan magulmaci ne.
Gurnanin firji, tarin na'urar sanyi,
duk ya kwaso ya zuba a hanya."

Sai ya zaro wani farin abu daga aljihu,
bai kai kwalin ashana ba, riyal goma sha biyar.
"Rariya ce. Murya ta bi nan, intanet ya bi can.
Ba a dama gari da tsaki a zargi ludayi."

Da ya kai ga wayoyin ɗakuna
Baba ya riƙe masa hannu.
"Wannan ta ɗakin Barira ce."
Barira na Madina da 'ya'ya huɗu.
"Wannan ta Tanimu."
Tanimu, Allah ya jiƙansa.

Nuraddin ya ajiye filaya,
ya kurɓi shayinsa sai da ya ga gindin kofi.
"Ba zan cire ba, Baba. Raba su zan yi da layi.
Su zauna a bango, su huta."
Baba bai ce to ba.
Ya dai saki hannun.

Na'urar ta baro ƙuryar ɗaki,
ta tare a bakin ƙofa, maƙwabciyar takalma,
igiyarta taƙi biyu kacal.
Fitilar da ke ƙyafta ido ta tsaya cak.

Juma'a ta zagayo.
"Yaya Jibo," in ji Gwaggo. Sunan ya fito duka.
Muka ga giɓinta na gaba,
tsagar kumatu, ƙuda a gefen kwano,
muka ji zakara bayan danga.
Ta matso da ido, ta ƙare masa kallo.
"Ashe haka ka tsufa? Wa ya ba ka wannan furfura?"

Baba ya juyo gare ni:
"Kira yaron nan ya mayar da ita yadda take."
Amma bai kashe ba har aka kira magariba,
har masallacin ƙasa ya tayar da iƙama,
yana lalubar takalmi da ƙafa,
ido na Tasawa.