Kwana Arba'in da Uku

Babana Anselmo, shekara talatin da takwas
yana tashi ƙarfe ukun dare ya kwaɓa ƙullu
a wani lungun Porto mai gangarawa kogi.
Da ƙamshin hannunsa unguwa ke farkawa.
Yau ga shi a ɗaki na sha ɗaya, hawa na biyar,
cokali biyu na ruwan shinkafa sun gagare shi.

Sankarar jini muka zo yaƙa.
Ita muka sani, ita muka yi wa shiri.
Gashi ya zube, muka sayo hula muna dariya.
Ɓargon ƙanwarsa Graciete, ja wur a 'yar leda,
ya bi jijiya ya shiga, likita ya ce ya kama.
Mun datse ƙofa, mun sa sakata,
ashe ta taga ɓarawon zai faɗo.

'Yar ƙwayar cuta ce, in ji su,
ta sauka a hanji ta miƙe ƙafa.
Ɗana Telmo ya kwaso ta a makarantar yara,
ya kwana amai ran Talata,
ran Alhamis yana buga ƙwallo a tsakar gida.
Ni na share masa baki.
Ni na zo nan da yamma.
Na shafa man kashe cuta a tafi har sau biyu,
ban san wannan ba ta jin mai ba,
sai sabulu, sai ruwa.
Ba wanda ya ce ni ce.
Ba kuma wanda ya ce ba ni ba ce.

Custódia, mai jinyar dare,
da safar hannu, da takunkumi, da rigar leda,
tana auna abin da ya fita a kofi mai zane,
ta rubuta: lita biyu da ɗoriya.
Abin da ciki ya zubar, jijiya ake biya,
ɗis, ɗis, kamar famfon da ba a ɗaure ba.
Jiya sau goma sha huɗu.
Mutumin da ban taɓa ganinsa babu riga ba
ya juya fuska bango za a canja zanen gado.
"Idalina, je ki dubo mini kogi."
Na je taga.
Ba a hango kogi daga nan,
sai wurin ajiye motoci
da tsuntsun teku guda a kan fitila.
Na tsaya ina dubansa har na ji an rufe bokiti.
"Ya cika?" ya ce.
Na ce ya cika, har da jirage.

Na tare likita Valadares a bakin matakala,
na ce a ba shi magani, ko nawa ne.
Ya cire tabarau ya murza ido:
"Ba kuɗi ba ne. Wannan ba ta da allurarta.
Mayaƙan jininsa jarirai ne tukuna,
sai sun yi ƙwari su kore ta da kansu."
Don haka kullum safe muke jiran lissafi
kamar masu jiran a buɗe kanti.

Daren jiya, leɓe a tsage, murya a dushe,
ya ce, "Kin ciyar da uwar ƙullu?"
Tana nan a tulun gilashi bayan tanda,
ta girme ni da shekara shida.
Na ce na zuba mata gari da ruwa, tana ta kumfa.
Ya ce, "Ita ma ba a ganin masu yi mata aiki.
Kada ki matsa mata. Ta san lokacinta."
Sai barci ya ɗauke shi, baki buɗe.

Yau sau takwas.
Custódia ta ja layi a ƙarƙashin lambar.
An kawo gasasshen burodin asibiti, yanka ɗaya,
ya gutsuri gefe, ya daɗe yana taunawa,
ya ce wanda ya toya wannan bai san gishiri ba.

Na fita na kunna famfo.
Sabulu tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu.
Ina ƙirgawa a zuci.
Na kai arba'in da uku
ban rufe ruwan ba.