Harafi Ɗaya

A Akureyri, inda duhu ke cinye hunturu,
Ragnhildur ta duƙa kan madubin bincike.
Ga ƙananan masu gadin ƙwaƙwalwa,
aikinsu shara da kashe gobara.
Harafi ɗaya ya kauce a ƙwayar gado,
sai mai gadi ya daina jin "ya isa",
yana ta hura wuta a ɗakin da aka ba shi amana.

Da yamma takan kai wa mahaifinta busasshen kifi.
Shekara arba'in yana kokawa da teku,
yau ga igiya a hannu, ƙullin ya ɓace masa.
"Ke 'yar wa ce?"
Ta kama yatsunsa, suka ɗaure tare.

Nata jinin an auna tun bara.
Ambulan na aljihunta, a liƙe.